Geron Baballe a Kan Rufin Najma

Ɗalhatu Mamman, Allah ya jiƙansa, ya yi shekara tara yana tuƙa mota a Doha, amma duk wanda ya zauna ɗaki ɗaya da shi ya san manomi ne aka ɗora a kan sitiyari. Idan danja ta tsayar da shi, ba motar gabansa yake kallo ba, sama yake leƙawa. Da ya hango ɗan gajimare daga wajen teku sai ya sauke gilashi ya shaƙi iska, ko zai ji ƙamshin ruwa. Ba ya jin komai sai ƙaurin kwalta, amma gobe ma sai ya sake.

An haife shi a Zangon Baballe, wani ɗan ƙauye a bakin dajin da ya raba Katsina da Zamfara. Kakansa Baballe ne ya sari wurin. Falke ne mai fataucin kanwa. Wata rana jakinsa ya yi targaɗe, ya sauke kaya a gindin wata tsamiya, ya ce wa abokan tafiyarsa su wuce, zango ne na kwana biyu. Kafin jakin ya warke aka yi ruwan farko. Baballe ya kwance ɗan geron guzurinsa ya binne don kada ya zauna haka nan, geron kuwa ya yi kyawun da ya hana shi tafiya. Ya ɗauko iyalinsa, wasu suka biyo shi, aka gina rijiya, aka yi masallacin jinka. Kwana biyun nan suka zama shekara tamanin.

Geron nan shi ne alfaharin garin. Gajere ne, zangarniyarsa na da gashi mai tsini, tsuntsu ba ya iya sauka a kanta. Ba a sayar da irinsa a kasuwa, uwa ce ke ba 'yarta ranar da za a kai ta ɗaki.

Ɗalhatu yana Doha 'yan bindiga suka shiga Zango. Suka kore shanu, suka cinna wa rumbuna wuta, mutanen gari suka watsu, wasu Gusau, wasu Funtuwa. Mahaifiyarsa, Inna Atine, ba ta fito da komai ba sai ƙullin gero a haɓar zaninta, cikin tafi ɗaya. Da ya je hutu ya same su a ɗakin haya a Funtuwa, su tara, ba gona ba fili. Tsohuwar ta kira shi gefe ta danƙa masa ƙullin.

"Tafi da shi," in ji ta. "A nan wata rana yara za su yi kuka, wani ya dama shi kunu. In ka dawo baɗi ka nemi gona."

Ya juye shi a gwangwanin madara ya taho da shi. Bai koma baɗin ba. Korona ta sauka, aka rufe hanyoyi, Inna Atine ta rasu bai samu jana'izarta ba. Kuma Ɗalhatu ya san abin da kowane manomi ya sani: iri ma tsufa yake yi. Duk shekarar da ya kwana a gwangwani, wasu ƙwayoyin mutuwa suke yi a ciki ba a sani ba. In ba a shuka shi an karɓi sabo ba, wata rana za a buɗe a tarar da tsaba kawai, kuma daga ranar babu sauran abin da ya rage na Zangon Baballe.

Lokacin kulle muna zaune mu shida har da Ɗalhatu a ɗaki ɗaya a unguwar Najma. Motoci na ajiye a ƙasa sun yi ƙura, kafil, wato ubangidan da ya ɗauke mu aiki, ya ce kowa ya zauna sai an neme shi. Masallatai a rufe, ladan yana kiran salla yana cewa a yi a gida. A kwanakin nan ne Ɗalhatu ya fara hawa rufin benenmu, inda tankokin ruwa suke. Ya tara tsofaffin bokitan fenti guda goma sha biyu, ya huda gindinsu da ƙusa, ya samo ƙasa buhu biyu wajen wani mai kula da furannin titi. Ya tara gora a bakin tiyon esi mai sanyaya ɗaki yana tarbar ruwan da ke ɗiga. Sannan ya zauna yana ƙidayar wata da yatsu, irin ƙidayar manoman gida, har watan bakwai ya kama, watan da ake shuka a Zango.

Garzali, mai gadi ne ɗan Kano da gadonsa ke saman na Ɗalhatu, shi ya fara tsokanarsa.

"Sarkin Noman Najma, ranka ya daɗe! Yaushe za mu gayyato gayya? In ce 'yan ɗaki su wasa fartanya?"

"Kai dai bari, ɗan birni. Kai da ba ka san gero ba sai a cikin fura."

"To ai gara ni. Malam, wannan ranar ƙwai take soyawa a kan bonet."

"Watan bakwai ne," in ji Ɗalhatu, kamar wanda ya kawo hujjar da ba ta da amsa.

Ya shuka. Kwana uku tsiro ya fito, kore shar, kamar allurai. Ya ɗauki hoto ya tura wa matarsa Raliya, ta turo murya tana guɗa a hankali don kada maƙwabta su ji. Kwana goma bayan nan iskar zafi ta taso. Da azahar ya hau ya tarar da ganyen sun kwanta sun yi fari kamar an zuba musu tafasasshen ruwa.

Da shekara ta zagayo ya sake, wannan karon ya yi musu rumfa da tsohon zanin gado. Sun kai tsawon kamu ɗaya, sannan suka bi 'yan uwansu. A shekara ta uku watan bakwai ya zo ya wuce, bai taɓa gwangwanin ba. Abin da ya rage a ciki bai fi cikin murfin kwalba ba. Wani lokaci yakan girgiza shi a kusa da kunnensa, ya saurari ɗan ƙaran da yake yi, ya mayar ƙarƙashin matashi. Ko Garzali ya daina zolayar.

Sai ga gasar ƙwallon duniya. Garin ya cika ya batse, tutoci ko'ina, mutane masu fenti a fuska suna waƙa a cikin jirgin ƙasa. Kamfaninsu Ɗalhatu ya haɗa shi da wasu baƙi 'yan Ajantina da suka kama gida a unguwar Al Thumama: mace da mijinta, da mahaifin matar, wani tsoho mai shekara tamanin da ɗaya. Matar da mijin kullum suna wajen kallo da hayaniya. Tsohon ya je wasa ɗaya ya ce kunnensa ya ƙoshi. Sunansa Nahum. Ɗalhatu ya ji kamar Nuhu, ya riƙa kiransa Baba Nuhu, tsohon kuma ya amsa.

Turancinsu duka biyun gurgu ne. Inda ya maƙale sai su ƙarasa da hannu, inda hannu ya gaza su sa waya ta fassara. Ran nan tsohon ya ce, "Kai ni inda wani abu ke tsirowa. Na gaji da gilashi."

Ɗalhatu ya kai shi gonakin da ke arewa da birni, inda ake noman tumatir da kokwamba a ƙarƙashin rumfunan leda. Tsohon ya fito da sandarsa, ya durƙusa da ƙyar, ya dumbuzi ƙasa ya murza, ya kai hanci. Ɗalhatu yana tsaye jikin mota yana kallonsa. Rabonsa da ganin mutum ya sansana ƙasa tun mahaifinsa.

Ranar Juma'a da zai sauke shi, tsohon ya ce, "Gobe ka huta. Ba na hawa mota ranar Asabar. Ni Bayahude ne."

Ɗalhatu bai taɓa ganin Bayahude ido da ido ba. A wa'azi yake jin sunan, sai kuma a labaran rediyo. Ya saci kallonsa ta madubi, ya ga dai tsohon nan ne mai ƙasa a ƙarƙashin farce. Da ya ba da labari a ɗaki Garzali ya tashi zaune.

"Bayahude? A motarka? To me ya ce?"

"Cewa ya yi tumatir ɗinsu ruwa ya yi masa yawa."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Kuma gaskiya ya faɗa."

Ranar Lahadi suna kan hanyar gona tsohon ya fara ba shi labarin garinsu, kuma bai gama ba sai da suka yi kwana uku suna zuwa suna dawowa.

Shekara ɗari da talatin da suka wuce, in ji shi, kakanninsa suna zaune a ƙasar Rasha, inda aka hana su mallakar gona, kuma lokaci lokaci a far musu a ƙona gidajensu. Gida goma sha huɗu suka haɗu suka shiga jirgin ruwa, wata guda suna kan teku. Daga nan jirgin ƙasa ya kwashe su ya sauke su a wani fili da ba itace ba tudu, ciyawa ce iya ganinka. Babu manomi ko ɗaya a cikinsu. Akwai tela, akwai baduku, akwai malamin yara, akwai mai gyaran agogo. Telan, wanda shi ne kakan kakan Nahum, ya tambayi mai tutar jirgi sunan garin. Mutumin ya ce, "Parada." Suka rubuta wa 'yan uwansu wasiƙa cewa sun sauka lafiya a garin Parada. Sai daga baya suka gane kalmar ba sunan gari ba ce, ma'anarta wurin da ake ɗan tsayawa kafin a wuce.

"Zango!" in ji Ɗalhatu, har ya daki sitiyari. "Baba, zango ke nan! Mu ma sunan garinmu ke nan!"

Daga nan labarin ya daina zama na wasu mutane masu nisa. Tsohon yana magana, Ɗalhatu yana tuƙi a kan miƙaƙƙen titin sahara, yana ganin abin a gabansa kamar a cikin ruwan da rana ke shimfiɗawa a kan kwalta. Yana ganin telan da doguwar baƙar rigarsa a gindin tsamiyar Baballe. Yana ganin matansu da kallabi suna jan guga a rijiyar Zango. Da aka ce sun fara kwana a cikin tsofaffin taragun jirgi, sai ya ga jakin kakansa ɗaure a jikin taragon yana ɗaga ƙafarsa mai ciwo.

"Suna da buhun masara guda uku," in ji tsohon. "Suna kuma da littafin watanni da suka taho da shi daga gida. A can ƙasar da suka baro, idan an gama idinmu na gurasa, sanyi ya wuce ke nan, sai shuka. To aka gama idi. Malamin yara ya buɗe littafi ya ce lokaci ya yi. Suka shuka buhu biyu. Ba su san sun tsallako ɗaya gefen duniya ba, inda watanni suke a juye. Lokacin da suke jiran ɗumi, sanyi ne ke tahowa. Masara ta fito da kyau. Wata safiya suka tashi raɓa ta daskare a kanta, ta yi baƙi ƙirin."

Ɗalhatu ya gangara gefen titi ya tsayar da mota. Ya kifa kansa a kan sitiyari, kafaɗunsa na rawa. Tsohon ya ɗauka kuka yake, ya dafa shi. Dariya yake yi, amma da ya ɗago idonsa cike da hawaye. Da Turanci da hannu da waya ya ba shi labarin bokitan fenti, da watan bakwai, da gwangwanin madara.

Tsohon ya kalle shi. Sannan ya ce, "Sau nawa?"

"Sau biyu."

"Ka fi mu taurin kai. Mu sau ɗaya muka yi."

"To ya aka yi da buhu na uku, Baba?"

Wata mata ce, in ji shi, matar wani makiyayi daga cikin mutanen ƙasar, da ke kawo musu nono. Ba ta jin yarensu, ba sa jin nata. Ta tarar da telan zaune a bakin gona da littafi a cinya. Ta karɓi littafin ta rufe, ta kama hannunsa ta ɗora a ƙasa. Ya ji sanyi har cikin ƙashi. Ta girgiza kai. Duk zuwan da za ta yi sai ta kama hannunsa ta ɗora, ta girgiza kai. Wata biyar ana haka. Ranar da ƙasa ta yi ɗumi kamar bayan saniya, ta gyaɗa kai. Buhu na uku shi ya ciyar da Parada.

Sauran tarihin ya zo a hankali. Fara ta zo ta cinye gonaki shekara biyu a jere, gida huɗu suka tashi. Waɗanda suka zauna suka koyi kiwon shanu da yin cuku, suka gina makaranta da ɗakin ibada na tubali, suka dasa itatuwa a jere don tare iska. Garin ya kai gida tamanin. Sai yara suka yi karatu, birni ya ja su ɗaya bayan ɗaya, jirgin ƙasan ma ya daina tsayawa. Yanzu mutum tara suka rage, duk tsofaffi. Makullin ɗakin ibada da na maƙabarta suna aljihun Nahum, har Doha ya taho da su, ya ciro ya nuna masa.

"In kun ƙare fa?" in ji Ɗalhatu.

Tsohon ya mayar da makullan aljihu. "Itatuwan suna nan," in ji shi. "Mu je, kai ni in ga gonarka."

Bene hawa huɗu ne kuma ba lifta. Sai da suka huta sau uku. Garzali da ya dawo daga aiki ya biyo su da kujerar roba a ka, yana cewa, "Sannu Baba, sannu, saura kaɗan," kamar kakansa ne. Azahar ta yi, ƙarshen watan Nuwamba, rana tana sama amma ba ta cizo. Ɗalhatu ya tuɓe takalmi ya taka simintin da a watan bakwai ba ya takuwa. Ya durƙusa ya tura hannu cikin ƙasar bokiti. Tsohon ma ya miƙa nasa hannun ya tura a gefen nasa. Ba zafi, ba sanyi.

"A gida yanzu an gama girbi," in ji Ɗalhatu da Hausa, shi kaɗai. "Wanda ya shuka gero yanzu, mahaukaci za a ce masa."

"To ai ba a gida kake ba, Sarkin Noma," in ji Garzali, ba kuma da zolaya ba.

Ya sauka ya ɗauko gwangwanin. Ya yi niyyar ya rage rabi, sai ya tuna irin ya shekara huɗu, ba zai kai wata shekarar ba. Ya yi bisimilla ya shuka duka. Ya miƙa wa tsohon 'yan ƙwayoyin ƙarshe, shi ma ya motsa baki da tasa addu'ar ya binne.

An kashe esi saboda sanyi, don haka ruwan alwalarmu muka riƙa tarawa a roba yana hawa da shi. Kwana uku shiru. Kwana shida shiru. Ya daina cin abincin kirki. Gari na ta ihun ƙwallo, shi yana tsugune yana kallon ƙasa. Ran kwana tara da hantsi ya shigo ɗaki, ya kama hannuna ya ja ni sama. Tsiro goma sha ɗaya ne, sirara, suna rawa a iska. Kafin Baba Nuhu ya koma ƙasarsu sai da ya sake hawa benen nan ya gan su, ya cire hularsa ta rana ya riƙe a ƙirji.

Watannin nan su ne na fi so in tuna shi a cikinsu. Yakan dawo daga aiki da la'asar ya zauna tsakanin bokitai, jiragen sama na wucewa ta kansa, yana ba geron labarin inda za a kai shi. Ya ce zai nemi fili a bayan Funtuwa, ya tara mutanen Zango gida biyar ko shida. Ya ce ba zai sa wa wurin suna ba, zai dai ce zango ne na kwana biyu.

A watan Fabrairu, gero ya yi ciki bai kai ga fitar da kai ba, Ɗalhatu yana wanke mota da safe ya dafe ƙirji ya zauna a bakin titi. Kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa. Shekararsa arba'in da shida. A nan Doha muka yi masa sutura. Ya bar Raliya da 'ya'ya uku.

Kwana biyu ba wanda ya iya hawa rufin. Ran na uku na hau na tarar da Garzali da robar alwala, yana bi bokiti bokiti yana share ido da hannun riga. Cikin tsiro goma sha ɗayan, bakwai ne suka kai. Suka fitar da kai, suka yi bununi, gashin nan mai tsini ya fito. Kurciyoyin Najma suka yi ta zagayawa, ba wadda ta iya sauka. A farkon azumi muka yanke zangarniya bakwai.

Na tura wa 'yar Baba Nuhu hoton da labarin rasuwar. Ta amsa cewa tsohon ya ɗauki makullinsa ya je maƙabarta, ya ɗora ɗan dutse a kan kabarin telan nan da sunan Ɗalhatu, don haka suke yi wa wanda suke tunawa.

Bayan salla na samu hutu na kai wa Raliya. Ta buɗe ƙullin, ta shafa gashin zangarniyar da bayan yatsa. Kafin la'asar labari ya zagaya. Matan Zango da ke warwatse a unguwannin Funtuwa suka riƙa shigowa da sallama, kowacce ta yi gaisuwa, ta shimfiɗa haɓar zaninta. Raliya tana murza zangarniya tana zuba wa kowacce cikin cokali guda. Wata ta ce za ta shuka a bayan ɗaki, wata a kangon maƙwabci, wata ta ce ko a tsohuwar tukunya ce.

Watan bakwai ne, hadari ya haɗu a gabas. Wata tsohuwa ta ce gobe sai shuka. Raliya ta fita tsakar gida, ta durƙusa ta ɗora tafin hannunta a ƙasa, yadda Ɗalhatu ya ba ta labarin matar makiyayin nan a waya. Ta ɗan jima a haka.

"A bari ruwan ya sauka tukuna," in ji ta.